Kafin akwatunan su iso: amsa ga mai shirin karɓar baje kolin sassaƙe-sassaƙen Afirka

Tambaya: Ina aiki a wata cibiyar al'adu, kwanan nan aka ba ni kula da sashen baje koli. An yi mana tayin kawo wasu sassaƙe-sassaƙen gargajiya na Afirka da ke zagaya birane, su zauna a wurinmu wata uku. Akwai mutum-mutumi na itace, akwai na tagulla, akwai na gasasshen yumɓu. Shugabannina sun ƙagu a sa hannu, ni kuwa ban taɓa karɓar irin wannan ba. Me ya kamata in duba kafin mu amsa?

Amsa: Malama, madalla da kika tsaya tambaya kafin a kai alƙalami kan takarda. Na daɗe a wannan aiki. Na karɓi kayan aro, na raka su a jirgi da mota, na kuma tsaya a kansu ana mayar da su akwati. Shawarata ta farko ita ce ki roƙi shugabanninki su dakata. Ba cewa nake ku ƙi ba, don irin wannan dama ba kullum take zuwa ba, kuma na sha ganin yadda yaro ke yin tsit idan ya haɗa ido da kan tagulla na Ife. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar buɗewa jama'a ke gani, alhali tun watanni kafin motar kaya ta tsaya a ƙofarku an riga an ci ko an faɗi.

Ki fara da asali, kafin maganar gini, kafin maganar kuɗi. Ki nemi cikakken jerin kayan ɗaya bayan ɗaya: hoto gaba da baya, tsawo da nauyi, abin da aka yi shi da shi, da sunan mai shi a yau. Sai tambayar da ta fi sauran nauyi: yaushe ya bar ƙasar da aka yi shi, kuma ta wace hanya? Idan aka rubuto miki "daga tarin wani mai sha'awar kayan tarihi" aka yi shiru, to ba a amsa miki ba. Shekarar da gidajen tarihi suka fi kafa hujja da ita ita ce 1970, lokacin da UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana fasa-ƙwaurin kayan al'adu. Abin da ya fita bayan wannan shekara dole ya zo da takardar izinin fita daga hukumar ƙasarsa. Wanda aka ce ya fita kafin nan kuwa, a kawo shaida: tsohon rasit, ko hoto mai kwanan wata, ko lambar rajista ta gidan tarihin da ya taɓa ajiye shi.

Kin ambaci gasasshen yumɓu, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Ɗauki na Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da su kusa da ƙauyen Nok a kudancin Jihar Kaduna ta yau, daga baya masanin kayan tono Bernard Fagg ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Wasunsu sun haura shekara 2,500. Sai dai mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwannin ƙetare ba masana ne suka tono su ba, haƙar sata ce, wadda ta yi ƙamari a shekarun 1990. Haka aka yi wa Jenne a Mali, da Bura a Nijar, da Koma a arewacin Gana, da Sao a yankin Tafkin Cadi. Shi ya sa a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jan jeri na kayan tono na Afirka, wanda ke cewa a yi hattara da duk irin waɗannan in an gan su ba takarda. Ki nemo wannan jeri ki ajiye shi gefen jerin da aka aiko miki.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka yi shekaru suna tono a yankin Nok tun daga 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, kusan duk abin da suka samu a farfashe yake, gutsure-gutsure. Don haka idan aka kawo miki babban mutum-mutumin Nok cikakke daga kai har ƙafa, ba tsaga ba gyara, kada ki yi murna tukuna. Sau da yawa haɗe-haɗe ne: guntun kai na gaske, guntun hannu daga wani rami daban, sauran kuma sabon yumɓu da gam. Za a nuna miki takardar gwajin da ke faɗin lokacin da aka gasa yumɓun, amma wannan gwaji ɗan wurin da aka huda kaɗai yake ba da labari. Masu haɗin sun san inda ake hudawa. Hoton da ke ratsa ciki, irin wanda ake ɗauka a asibiti, shi ke tona asiri.

Kada ki ce ai ku ba saye kuke yi ba, nunawa kawai za ku yi. Nunawar ce ake nema. Kayan da ya shiga zauren cibiya mai mutunci, aka buga hotonsa a littafin baje koli, ya samu wanka ke nan. Gobe a kasuwar gwanjo sunan cibiyarku za a rubuta a ƙarƙashinsa, farashinsa ya tashi, wani kuma ya ɗauki diga ya koma daji. Manya ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A shekarar 2000 an nuna wasu mutum-mutumi na Nok da na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta cece-kuce, har sai da Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar su a can a matsayin aro na shekara 25. Tun kafin nan akwai labarin Afo-A-Kom, mutum-mutumin masarautar Kom ta Kamaru, wanda aka sace daga fada a 1966. A Amurka aka gano shi a 1973 yana wurin baje koli, kuma a shekarar aka mayar da shi gida. Duk wanda ya rataya kayan sata a zaurensa, shi mutane za su tambaya.

Kayan Bini kuma nasu ya sha bamban. An san ranar da aka kwashe su, a harin sojojin Ingila na 1897, amma mallakarsu tana sauyawa a idonmu. A ranar 1 ga Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,100, kuma wasu daga ciki suna nan a Jamus a matsayin aro. A 2023 gwamnatin Nijeriya ta ayyana Oba na Bini a matsayin mai su. Ma'ana, wanda kaya ke hannunsa ba lallai shi ke da ikon ba da aronsa ba. Ki tambaya a rubuce: wa ya ba da izinin wannan tafiya?

To, a ce takardu sun yi kyau. Sai ki juya ki dubi ɗakinku, ki dube shi da idon mai ba da aro.

Itace yana numfashi ko da an sassaƙe shi shekara ɗari da suka wuce. In iska ta yi danshi sai ya sha ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke. Mafi yawan mutum-mutumin Afirka daga gungume ɗaya ake fitar da su, da zuciyar icen a ciki, kuma bayan gungume ya fi cikinsa saurin bushewa. Wannan jayayya tsakanin ciki da waje ita ke haifar da doguwar tsagar da kike gani daga kai zuwa gindi. Abin da ke yin ɓarna shi ne hawa da sauka cikin gaggawa, fiye da yawan danshin kansa. A da masu ba da aro kan kafe a kan danshi kashi 50 cikin 100, da ɗan sassauci na kashi 5 sama ko ƙasa. Tun 2015 manyan gidajen tarihi suka amince da ma'auni mai ɗan faɗi ga yawancin kaya: danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60, zafi tsakanin digiri 16 zuwa 25, kuma kada danshin ya motsa fiye da kashi 10 cikin awa 24. Ki duba wanne aka rubuta a yarjejeniyarku, don shi za a kama ku da shi.

Kada ki yarda da "ai muna da na'urar sanyaya ɗaki". Na'urar sanyi tana rage zafi, amma ba ta riƙe danshi daidai, kuma idan ana kashe ta da dare a kunna da safe, gara ma babu ita. Ki sayi 'yan na'urorin nan masu auna zafi da danshi suna ajiye lissafi, ki sa ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bangon da rana ke duka. Mai ba da aro na kirki zai so ganin lissafin shekara guda, ko aƙalla na watannin da suka yi daidai da lokacin baje kolin. In ɗakin ya gaza, ba ƙarshen magana ba ke nan. Akwatin gilashi mai rufi gam, da silika jel, ƙwayoyin da ke daidaita danshi, a ɓoye a ƙasansa, yana iya riƙe danshinsa ko da na ɗakin yana rawa. Ya fi sauƙi a tsare iskar akwati goma da a tsare ta zaure guda. Ki kuma tambayi kanki abin da zai faru in wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare, da wanda zai tashi.

Tagulla kuma buƙatarta kishiyar ta itace ce. Wadda ta daɗe a binne takan ɗauko gishiri daga ƙasa, in ta samu danshi sai wani koren gari mai haske ya fara tsirowa yana cin ƙarfen daga ciki. Irin wannan ana ajiye ta a busasshiyar iska, ƙasa da kashi 40. Kin ga ke nan ba a haɗa ta akwati ɗaya da itace, komai kyan da za su yi tare. Hatta katakon da kafinta zai yi akwatin da shi, da fenti da gam da ƙyalle, wasunsu na fitar da tururin da ke cin ƙarfe, don haka sai an gwada su, a kuma bar fenti ya bushe makonni kafin a sa kaya. Haske ma yana da ma'auni: kimanin luks 50 ga abin da ke da gashin tsuntsu ko zare ko rini, zuwa 200 ga itacen da ba shi da launi mai saurin koɗewa. Hasken rana kai-tsaye kuwa, sam.

Bari in ba ki labarin da har yau yake damuna. Ina farkon aiki, aka kawo mana akwatuna da yamma bayan doguwar tafiya. Ƙa'ida ita ce a shigar da su ɗakin a bar su a rufe aƙalla awa 24, iskar ciki ta daidaita da ta waje a hankali. Amma washegari da safe 'yan jarida za su zo, aka ce a buɗe a daren. Na san bai dace ba, ban yi magana ba. A cikin kayan akwai wata mace ta itace, tsawonta bai wuce kamu uku ba, tana riƙe da ɗa a baya, da tsohuwar tsaga siririya kamar zare a bayan wuyanta. Kwana uku bayan nan na haska fitila na ga tsagar ta sauko har kafaɗar ɗan, ta buɗe yadda farce zai shiga. Ba wanda ya taɓa ta, ba ta faɗi ba. Inshora ta biya, amma tsagar tana nan. Tun daga ranar ban ƙara barin a buɗe akwati kafin lokacinsa ba, ko wa ya ce.

Wannan ya kawo mu ga takardar yanayin kaya. Tare da akwatunan za a turo mai rakiya daga wajen masu kayan, kuma ba a buɗe komai sai yana tsaye. Ku biyu za ku duba kowane abu da fitila, ana kwatanta shi da hotunan tashar da ya baro: wannan tsaga tana nan a da? wannan ɓantaren fenti sabo ne? Kowa ya sa hannu. Haka za a sake ranar tafiya. Aiki ne mai cin rai, abu ɗaya kan ɗauki rabin awa, amma kaya mai yawo ta hannaye da yawa yake bi, kuma wannan takarda ce kaɗai za ta raba ku da laifin da aka yi a wani gari.

Ki tara ma'aikatanki tun da wuri ki gaya musu abu ɗaya da babbar murya: ba a goge komai. Baƙin ɓawon da ke jikin boli, abin ibadar Bamana na Mali, ko na abin rufe fuska na ƙungiyar Komo, ba datti ba ne. Shekaru ne na abin da aka zuba masa a wajen ibada, kuma shi ne ma abin. Ƙusoshin da ke jikin nkisi, mutum-mutumin itace na Kongo, kowanne alƙawari ne ko shari'a da aka ƙulla, ba a gyara wanda ya karkace. Na taɓa riƙe hannun wani mai shara, mutumin kirki, ya ɗauko tsumma don ya taimaka. Ba a ɗaga mutum-mutumi ta hannu ko ta kai ko ta ƙaho, sai ta inda nauyinsa yake, hannu biyu, abu ɗaya a lokaci ɗaya, da safar hannu ta roba. Safar tana kare kayan daga gumi, tana kuma kare mai ɗauka, don tsofaffin tarin gidajen tarihi da yawa an taɓa fesa musu guba irin su arsenik da DDT saboda ƙwari.

Ƙwarin kansu suna nan. Ki shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane itace a daren farko. In da safe kika ga 'yar tsibin gari mai laushi, launin sabon katako, ƙarƙashin wani ƙaramin rami, to akwai mai rai a ciki. Ki ware shi nan take, ki sanar da mai rakiya, kada ki fesa komai. Maganin da ake yi yanzu shi ne a rufe abin a jaka a zare iskar shaƙa a maye da nitrojin har kusan mako uku, ko a daskarar da shi in jikinsa zai jure. Wannan hukuncin mai kaya ne, ba naku ba.

Maganar takardun hanya ba zan daɗe a kanta ba, don ƙwararren kamfanin jigilar kayan tarihi ya san ta, kuma irinsa za ku ɗauka, ba mai kwasar kayan gida ba. Inshora ta rufe tafiyar tun daga ɗaga abu a mazauninsa har mayar da shi, a kan darajar da aka amince da ita a rubuce. Wasu ƙasashe gwamnati ce ke tsayawa a madadin inshora, kamar Amurka tun 1975 da Birtaniya tun 1980, ki bincika ko taku tana yi. Kwastan na buƙatar takardar shigowar wucin gadi. Duk abin da ke da hauren giwa, ko fata ko haƙori ko gashin wata dabbar da ake karewa, sai da takardar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobin da ke barazanar ƙarewa, kuma ɗan guntun haure a wuyan mutum-mutumi ya isa a tsare akwati gaba ɗaya a tashar jirgi. Katakon akwatunan ma sai da hatimin cewa an gasa shi. Kuɗin hayar baje kolin da aka faɗa wa shugabanninki kuwa, sau da yawa shi ne ƙaramin kaso. Ki lissafa jigila zuwa tasha ta gaba, masaukin masu rakiya, akwatunan gilashi, maƙalan da ake ɗora kaya a kai, masu gadi dare da rana, da ɗaki mai tsabta inda akwatunan da aka kwashe za su zauna wata uku. Wannan na ƙarshe kusan kowa na mantawa da shi.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ki ba lokaci, don shi ne naku na kanku. Baje koli mai yawo da rubutunsa yake zuwa, an rubuta shi don mutanen wani gari. Ki nemi a rubuta a yarjejeniya cewa kuna da damar fassarawa da ƙarawa. Ki karanta kowane ɗan allo da idon wanda kakansa ya sassaƙa abin.

Ki lura da kalmar "gunki". Ba duk mutum-mutumi ne abin bauta ba. Kawunan Ife da aka tono a 1938 a unguwar Wunmonije ana ɗaukarsu siffofin sarakuna da manyan fada. Allunan tagulla na Bini tarihin fada ne da aka zuba a ƙarfe. Ere ibeji na Yarabawa ana sassaƙa shi ne idan tagwai ya rasu, uwa ta riƙa yi masa wanka da ado, shi ya sa za ki ga fuskar wasu ta side. Wasu kuwa lallai na ibada ne, kuma a faɗi hakan a sarari. Idan aka yi musu kuɗin goro da kalma ɗaya, an yi wa mai kallo ƙarya, an kuma kori wanda da zai shigo.

Ki lura da "ba a san wanda ya yi ba". Sau da yawa gaskiyar ita ce wanda ya ɗauko bai tambaya ba. Mutanen garin sun san masassaƙansu, har kirari suke musu. Olowe na Ise, wanda ya rasu a 1938, sarakunan Ekiti ne ke aika masa ya yi musu ƙofofi da ginshiƙai, kuma ƙofar da ya yi wa fadar Ikere ta je Landan a 1924. A 1998 gidan tarihin fasahar Afirka da ke Washington ya yi baje koli na aikinsa shi kaɗai. Inda aka san suna, a rubuta shi da manyan baƙaƙe. Inda ba a sani ba, a rubuta "ba a rubuta sunan masassaƙin ba", don laifin ya koma inda yake.

Abin rufe fuska da aka kafe a kan sanda cikin gilashi rabin abu ne. Asalinsa akwai riga ta zare ko ganye, akwai kiɗa, akwai mai rawa, akwai taron da ke amsawa. In akwai bidiyon da aka ɗauka da yardar masu abin, a sa shi kusa. Akwai kuma abubuwan da a wurin masu su ba kowa ke gani ba, wasu sai wanda aka shigar ƙungiya, wasu kuma suna ɗauke da ƙasusuwan kakanni. A nan ba ni da doka guda da zan ba ki. Abin da nake yi shi ne in nemi mutanen da abin ya fito daga cikinsu, ko 'ya'yansu da ke zaune kusa, in nuna musu jerin tun ana shiri, ba ranar walima ba. Wani lokaci su ce a nuna, wani lokaci su ce a juya fuskarsa, wani lokaci su ce a bar shi a akwati. In sun ce a bari, ina bari, ko da shi ne hoton da ke kan fosta.

Wanda yake ganin wannan ƙarin wahala ce kawai, ya tuna abin da ya faru a Toronto. A ƙarshen 1989 gidan tarihi na Royal Ontario ya buɗe baje kolin kayan Afirka da sojoji da 'yan mishan suka tara. Masu shirin sun yi nufin sukar mulkin mallaka ta hanyar kawo kalaman 'yan mulkin mallakar, amma masu kallo baƙaƙen fata cin mutunci suka gani a bango. Aka yi zanga-zanga a 1990, gidajen tarihi huɗu da za su karɓe shi suka janye, kuma sai a 2016 gidan ya nemi gafara a bainar jama'a. Kayan ba su da laifi. Rubutun ne, da rashin tambayar waɗanda abin ya shafa.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan harka, kuma ya shafi shawarar da za ku yanke. Manyan tafiye-tafiyen kayan Afirka galibi arewa suke nufa. Taskokin tsohuwar Nijeriya guda 100 da Ekpo Eyo, shugaban hukumar kayan tarihi ta Nijeriya a lokacin, ya jagoranta sun fara daga Detroit a 1980 suka zaga Amurka da Turai. Kayan Ife fiye da 100 sun tashi a 2009 zuwa Santander da Madrid a Sifaniya, suka je Landan a 2010, sannan Houston da Richmond da Indianapolis. An yi aiki mai kyau, duniya ta gani. Amma sharuɗɗan iska da inshora, waɗanda na gama zayyana miki, su ne kuma ake kafawa a hana ƙananan cibiyoyi, musamman na nahiyar da ta haifi kayan. Alhali an gwada an ga yana yiwuwa. Baje kolin kwarin Kogin Neja da aka buɗe a Faris a 1993 ya sauko ya zaga birane irin su Bamako da Wagadugu da Yamai. Da Faransa ta mayar da kayan fadar Abomey ta Jamhuriyar Benin guda 26 a Nuwamban 2021, aka nuna su a Kwatano a farkon 2022, jama'a layi suka riƙa yi don ganin siffofin sarakunansu Gezo da Glele da Behanzin. Don haka kada ki ɗauki sharuɗɗan a matsayin katanga. Ki ɗauke su a matsayin abin da ake zama a tattauna, da lissafi a hannu.

In lissafin ɗakinku ya nuna ba za ku iya riƙe abu sittin ba, ki ce a ba ku ashirin. In itace ne matsalar, ku karɓi tagulla da dutse da yumɓun da asalinsa ya tabbata, a cikin akwatuna masu rufi. Mutum ba ya iya kallon abu sittin da zuciya ɗaya ko ta yaya, amma kai guda da aka ba fili, aka haska shi daga gefe yadda zanen fuskarsa zai fito, aka sa shi daidai tsayin ido yadda za a iya zagaya shi, yana tsayar da mutum minti goma. Ki kuma sa a yarjejeniya cewa masu rakiya za su zauna kwana biyu su koya wa ma'aikatanku ɗauka da dubawa da yin maƙali, don wannan ne zai rage muku bayan motar ta tafi.

Gobe da safe ki rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ga masu tayin, ki nemi abu huɗu: jerin kayan da tarihin mallakar kowanne, sharuɗɗan iska da haske, daftarin yarjejeniyar da darajar inshora, da rubutun allunan gaba ɗaya. Ki nemi kuma sunan cibiyar da ta karɓa kafin ku, ki kira takwararki a can ki tambaye ta abin da ya ba su wahala. A ranar ki rataya na'urorin auna danshi. Idan amsar wasiƙar ta zo, ki turo mini jerin mu duba tare, mu fara da na yumɓun.